Kafin ka kai bulok ɗinka wajen masu borin a Magazin

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar mota, musamman samarinmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da yanzu kowa ke son motarsa ta riƙa fita kamar an harba kibiya. Ni fita ne, wato makanike, a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, ba ni nake riƙe da injin borin da ke faɗaɗa ramin silinda ba, ni mai kai musu aiki ne in karɓo in haɗa, kuma a wannan kai da kawowar ne na ga inda kuɗin mutane ke zubewa. Mutum zai sayi fistin mai tsada daga Amurka, ya sayi tabo, wato turbo mai cusa ma inji ƙarin iska, ya sayi kwamfutar inji, amma in aka zo kan bulok, wato gangar jikin inji mai ramukan silinda, sai ya ɗora shi a aboboya mai taya uku ya ce da yaro "kai ma Massa mai shago ka ce a yi borin", shikenan wai ya gama nasa.

Toh injin tasi ko na trotro yana yafe irin wannan, sabida rabin rayuwarsa a cikin go-silo na Kejetia yake, da ƙyar yake wuce juyi 3000 a minti. Amma K24 na Honda ko 2JZ na Toyota ko EJ25 na Subaru da za ka murɗa ya kai 7000, wannan ba ya yafiya. Duk aikin nan ana yinsa ne a kan ɗigo-ɗigon milimita, 0.02, 0.05, 0.09, alhali silin gashin kanka ma ya kai wajen 0.07. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to wallahi a nan bai sani ba, farce ma bai sani ba.

Bari in ba ku abun da ya faru a gabana. Wani ƙanenmu ya kawo Civic da aka sa ma K24, ya yi odar fistin irin na ƙira wanda ake ce ma foj, milimita 87.5, wato an ƙara rabin milimita a kan 87 na asali. Kwalin ya zo da 'yar takarda a ciki, yaran shago suka zare ta suka shimfiɗa a kan benci suka ci waakye a kai, mai ya jiƙa ta aka jefar. Aka kai fistin da bulok wani shago da ba zan faɗi suna ba, mai borin ya auna fistin ya ba shi ratar da ya saba bari tsakanin fistin ɗin tasi da bangon silinda, wajen 0.03. Ni ma da na haɗa na ji yana shiga lif-lif har na yaba aikin. A faka inji yana kuka gwanin daɗi, muka hau hanyar Ejisu ya ɗan taka sau uku, sai ƙarfi ya mutu, sai wani sauti kamar ana karta tukunya. Da muka buɗe, gefen fistin biyu ya narke ya shafe a bangon silinda. Yaron ya kalle ni ya ce "Yaya, ba sabo ba ne?" Sabo ne mana. Abun da ke rubuce a takardar waakye shi ne irin wannan fistin yana son rata kusan 0.09, don alminiyom ɗin da aka yi shi da shi, wanda ake kira 2618, yana kumbura da zafi fiye da na zubi. Mai borin bai yi ƙarya ba, ya yi abun da ya saba, mu ne ba mu faɗa masa komai ba.

Sabida haka aikin yana farawa tun a shagonka kafin a ɗora komai a mota. Kana kwance inji kana sa alama. Murafun da ke riƙe karanshaf da na kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, kowanne da gidansa da kuma inda yake fuskanta, tare aka huda su a kamfani, in ka ɗauki na 2 ka sa a na 4 ramin ba zai zama da'ira ba ko da bolti ya ɗauru. A buga lamba da ponci a gefen da ba ya haɗuwa da komai, kar a dogara da rubutun biron maka don wanki zai tafi da shi. Kuma ka kalli tsoffin metal ɗin, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, da kyau kafin ka watsar, su ne ke ba da labarin abun da ya kashe injin, in gefe ɗaya ya cinye to kwanrod ya lanƙwashe ko layin bai miƙe ba, in duk sun yi zane-zane to datti ne ya bi baƙin mai.

Daga nan sai wanki da neman tsaga, kuma wannan kafin a kashe ko sidi ɗaya a kan yanka. Bulok na baƙin ƙarfe irin na 2JZ yana jure ruwan soda mai zafi, amma na alminiyom soda cinye shi yake yi, ka faɗa da bakinka kar ka ɗauka sun sani. Ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa ana neman tsagarsa da maganaɗisu da garin ƙarfe, garin sai ya taru a kan layin tsagar. Alminiyom kuma jan ruwa ake fesa masa a goge a fesa farin hoda, inda ya tsage jan zai fito. Hed, wato kan inji, in ya taɓa yin obahitin, zafin da ya wuce ƙima, a toshe hanyoyin ruwansa a hura masa iska a nutsa shi cikin ruwan zafi a ga ko zai yi kumfa, ruwan zafi nace, don akwai tsagar da ba ta buɗe baki sai ta ji zafi. Injin hom-yus, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje, da aka sauko da shi daga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra shi ma haka, ba ka san abun da ya gani a can ƙasar da ya fito ba.

Wani abu da mutane ke tsallakewa, ba kowane bulok ake yi ma borin ba. Akwai waɗanda bangon silindarsu ba silib, wato bututun ƙarfe da ake zurawa a ramin, ba ne, wani shafe ne ko haɗi na musamman a jikin alminiyom ɗin, kamar H22 na Prelude da F20C na S2000 da 2ZZ na Toyota da wasu injinan BMW masu Nikasil. In aka sa musu wuƙar borin ta yau da kullum an gama da su, sai dai a sa sabon silib gaba ɗaya. Ka manna maganaɗisu a bangon, in bai kama ba ka tsaya ka yi bincike kan lambar injin.

Yanzu awo. Ana auna kowace silinda a sama da tsakiya da ƙasa, ta tsaye da ta kwance, da agogon awo da ake zurawa ciki wanda aka saita da maikuromita. Abun da ake nema biyu ne, ko ramin ya koma kamar ƙwai, ko samansa ya fi ƙasansa faɗi, don sama inda ringi ke juyawa nan ne ya fi ci. Wanda duk ya ce maka zai gane da baniya, wato ma'aunin hannu mai zamewa, ko da jan farce, ɗauki kayanka ka yi gaba. Sakamakon awon shi zai faɗa maka girman fistin da za ka saya, 0.25 ko 0.50 ko 0.75 ko 1.00, waɗanda dattawan Magazin ke ce ma 10 da 20 da 30 da 40 a lissafin inci. Ni shawarata ka ɗauki mafi ƙanƙanta da zai share lalacewar. Samari na son su tsallaka 40 wai inji ya ƙara girma, ƙarfin da za ka samu bai taka kara ya karya ba, amma bango ya yi siriri, zafi ya ƙaru, kuma gobe in wani abu ya faru ba sauran naman da za a yanka.

Kuma dan Allah kar a yanka sai fistin ya iso hannu. Kaya daga waje suna daɗewa, na sani, tashar jirgin ruwa ta Tema ma sai ta riƙe su, amma haƙuri ya fi. Fistin huɗu daga kwali ɗaya suna iya bambanta da ɗigo ɗaya ko biyu, mai aikin kirki yana auna kowanne a gefensa na ƙasa daidai wurin da takarda ta ce, ya rubuta masa lamba, ya yi ma kowace silinda nata. A bar fistin da bulok da maikuromita su kwana wuri ɗaya a inuwa. Fistin da ka bari a but ɗin mota cikin ranar Kumasi ya ɗumama da digiri 20 zai iya ƙaruwa da kusan 0.04, kaga rabin ratar taka kenan ta tafi a banza.

Tsarin yankan shi ma yana da gaba da baya. Ana fara duba layin da karanshaf ke kwanciya, don daga shi ake auna komai. In layin ya karkace, ko metal ya taɓa juyawa a gidansa, ko ka canza boltin asali ka sa masu ƙarfi irin na ARP waɗanda ke matse murfin fiye da da, to sai an ɗaure su da tok renci an auna, in ya fita a yi masa layin borin ko honin. Bayan nan a yi fesin ɗin saman bulok, wato a share fuskar ta daidaita, in yana buƙata, sannan borin, sannan honin, wato gugar cikin rami da dutse.

A honin ɗin nan ne nake so in daɗe, sabida nan ne ake yi mana sakaci. Borin ba ya kai rami girmansa na ƙarshe, ana barin kamar 0.05 zuwa 0.08 don dutsen honin ya cinye, shi ne ke share tabon wuƙa ya bar zanen nan mai gicciye kamar saƙar tabarma. Zanen ba ado ba ne, a cikinsa baƙin mai ke maƙalewa ya jiƙa ringi. Kusurwarsa wajen digiri 45 ake so. In ya kwanta sosai mai ba ya tafiya yadda ya kamata, in ya miƙe sosai mai ya zube ya bar bango a bushe. In an bar shi da kaushi ya cinye ringi tun sati na farko, in an yi masa sulɓi kamar madubi ringi ba zai zauna ba, inji ya riƙa shan mai yana hayaƙi, mai mota ya dawo yana zagin mai sayar da ringi, an bar jaki ana dukan taiki. Masu yi da kyau suna farawa da dutse mai kaushi su gama da mai laushi 'yan zagaye kaɗan, a sare kan tsinin a bar kwarin. Wanda kuma yake naɗa sanfefa a sanda ya sa a dirila, wannan ba honin ba ne, kar ka yarda ko a kyauta.

Akwai kuma faranti mai kauri da ake ɗaurawa a saman bulok da gaskit da bolti kamar hed ne, sannan a yi honin ta cikin ramukansa. Dalili, in ka ɗaure hed bolti na jan bango ya ɗan motsa, ramin da yake da'ira a kan benci sai ya daina zama da'ira a cikin mota. Ba kowane shago ke da shi ba, kuma kowane inji da nasa, amma masu lez, wato injin yanka ƙarfe, a Magazin za su iya yanka maka shi daga ƙarfe mai kauri in ka kai musu gaskit su bi. Ga injin tabo mai bulok na alminiyom ni ina ganin kuɗin ya cancanta. Af, ka kuma tambaya ko suna da janareto, don in dumso ya ɗauke wuta wuƙa na tsakiyar rami tana iya barin tabo, ni nakan ce a bar nawa sai wuta ta zauna.

Fesin ɗin hed da bulok, a fara ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a zura fila geji, siraran fallayen ƙarfe na auna rata, a ƙarƙashi, tsaye da kwance da gicciye. Injina da yawa iyakar da kamfani ya yarda wajen 0.05 ce, in bai wuce ba a ɗan share kawai. Duk abun da ka cire yana ƙara kwamfireshon, a inji mai rami milimita 86 da kwamfireshonsa ke kan 10 in ka cire rabin milimita ya koma kusan 10.5, kuma yana matso da bawul kusa da fistin ya ɗan jirkita taimin. Man da muke samu a gidan mai 91 ne da 95, ba man tsere ba, in kwamfireshon ya yi yawa ga tabo a kai, inji zai riƙa ƙwanƙwasa daga ciki har ya fasa gefen fistin. Sannan gaskit na ƙarfe mai hawa-hawa yana son fuska mai santsi sosai, in farcenka na kamawa a layin da injin fesin ya bari to zai yi yoyo. Ka duba tiredin da boltin hed ke shiga, a bulok na alminiyom sukan zare, 2AZ na Camry ya yi suna a kan haka, gara a sa musu sabon gida na ƙarfe tun bulok na kan benci.

Karanshaf a ɗora shi a juya da agogon awo a ga ko ya lanƙwashe, a auna kowane wuya, wato inda metal ke zama. In zanen bai kama farce ba kuma awo na cikin iyaka, goge shi kawai za a yi, ba dole sai girandin, wato rage kaurin wuyan da dutse, ba. In kuwa sai an yi, 0.25 ko 0.50 ne, kuma ka tabbata akwai metal na wannan girman a kasuwa kafin a taɓa. Ka sa ido a kusurwar da wuya ya haɗu da kumatu, a lanƙwashe take da gangan, in dutsen girandin ya mayar da ita kaifi daga nan karanshaf ke karyewa. Wasu kuma taurinsu a fata yake kawai, siriri, in aka ci da yawa an shiga nama mai laushi. Wanda aka yi ma ciko da walda kuwa, a sa shi a motar ɗaukar doya, ba a motar gudu ba.

Kwanrod a duba miƙewarsa da da'irar babban raminsa bayan an ɗaure da boltin da za a yi aiki da shi. Bolti irin wanda ake ɗaurewa a ƙara juya shi da digiri yawanci miƙewa yake yi, ba a maimaita shi. Balansin kuma ba wani sihiri ba ne, sikelin da ke nuna giram ya isa ka daidaita fistin da kwanrod kar bambancinsu ya wuce giram 1, sannan a juya karanshaf tare da fulayiwil da kuloci a injin balansin. Mai silinda huɗu ko shida a jere yana da sauƙi, mai V ne sai an ɗaura masa nauyi na gwaji.

Bawul, gaid, wato bututun da sandar bawul ke zirya a ciki, ake fara gyarawa kafin mazaunin da kan bawul ke rufewa, don wuƙar da ke yanka mazauni a cikin gaid take tsayawa, in gaid na rawa duk yankan ya tafi a karkace. Yanka uku ake yi, 30 da 45 da 60, na 45 shi ke rufewa, sauran biyun suna gyara ma iska hanya. Na shigar iska faɗinsa kamar milimita 1 zuwa 1.5, na fitar hayaƙi a bar shi ya ɗan fi faɗi don ta nan bawul ke sauke zafinsa. In an gama ka kifa hed ka zuba kananzir a ciki ka je ka sha koko ka dawo, in ya zubo ta ƙasa a sake.

Ranar karɓar kaya ka je da kanka da biro da takarda, kar ka aiki yaro. Ka gaida mai shago yadda ya kamata, ka ce "Massa, dan Allah a auna min a gabana in rubuta", mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan, daɗi ma yake ji an san darajar aikinsa. Ka rubuta girman kowane rami da kowane wuya da nawa aka cire a fesin, sannan ka tura sauran kuɗin ta waya.

In ka dawo shago kar ka ce ai a wanke suka ba ni. Garin dutsen honin yana maƙale a cikin zanen, fetur da gas ba sa fitar da shi, sai ruwan zafi da omo da buroshi, ka yi ta wankewa har in ka goga farin ƙyalle mai ɗan mai ya fito fari. A cire matosan hanyoyin mai a zura siririn buroshi, har ramukan cikin karanshaf. A busar da iska a shafa mai nan take don tsatsa ba ta jira, a rufe da leda, balle lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.

Wajen haɗawa ka sake awo da kanka. Ratar metal, abun da aka saba shi ne kamar 0.025 ga kowane milimita 25 na kaurin wuya, wato wuya mai 50 yana son wajen 0.05, kuma koren zaren nan na Plastigauge zai nuna maka in ba ka da agogo, ka ɗora shi a bushe ka ɗaure ka kwance ba tare da ka juya karanshaf ba. Ringi kuma a zura kowanne a silindarsa a tura shi da kan fistin ya zauna daidai a auna bakinsa, a rami 86 ko 87 wajen 0.35 zuwa 0.40 in ba tabo, in da tabo a buɗe ya kai 0.45 ko sama, gwargwadon abun da takardar mai ringin ta ce, in bakin ya haɗe da zafi kan fistin yake ɓallewa.

Tashin farko a sa baƙin mai na gargajiya ba sintetik ba, a cire fulogi a juya inji har fitilar mai ta mutu sannan a tayar. Kar a bar shi yana silo awa biyu a ƙofar shago ana hira, ringi yana zama ne in ya ji nauyi, a fita titi a taka tsaka-tsaki a saki ya sauko da giya, a yi ta maimaitawa, ba a kai shi ja ba. Bayan tafiya kaɗan a juye man a faranti mai tsafta a fito da shi rana, a yanka filta a buɗe takardar ciki. Ɗan toka-toka mai laushi ba komai, na ringi ne. In ka ga ƙyalli kamar garin tagulla, kashe, ka sauke tiren ƙasa ka duba metal tun bai ci karanshaf ba.